Kafin ka ce ba ka da addini a ofishin rajista a Jamus

Ƙannena da kuka iso Jamus kwanan nan, neman coci ba wahala ba ne. Kusan kowane babban birni yana da Mas (ibadar Katolika) na Turanci, kuma sau da yawa Fadan ma ɗan Afirka ne. Abin da zai ba ku mamaki shi ne kujeru wayam da furfura. Cikin Katolika ɗari a ƙasar nan, wajen 6 ne ke zuwa coci ran Lahadi, kuma a 2022 kaɗai fiye da mutum 500,000 suka fice daga cocin Katolika a hukumance. Mu baƙi ne ke raya waƙa a majami'u da dama, ina kuma alfahari da hakan.

Inda na sha wuya shi ne takarda. Cikin kwana 14 da shiga gida dole ka yi rajistar adireshi, kuma a fom ɗin akwai gurbin addini. In ka rubuta Katolika, za a riƙa cire maka harajin coci daga albashi: kashi 8 a Bavariya da Baden-Württemberg, kashi 9 a sauran jihohi. Ku lura, daga harajin da kake biya ake lissafa kason, ba daga albashin gaba ɗaya ba. Ɗalibin da samunsa bai kai na biyan haraji ba, ba a cire masa komai.

Ni ban san wannan ba. Wani da ya riga ni zuwa ya ce min, "Bar gurbin, kuɗinka za su ci." Na bi shi. Shekara uku ina karɓar Jibin Ubangiji, ina cikin mawaƙa, sai da na je neman ɗaurin aure sakatariyar cocin ta duba kwamfuta ta ɗago kai ta ce sunana ba ya cikin Katolikan unguwar. Kunyar da na ji a gaban wadda zan aura ta fi min zafi a kan bashin harajin da aka lissafa min daga baya. Har yau kuma ina ganin sababbin zuwa suna ba juna wannan shawarar, raina yana ɓaci.

Masu cewa za su fice a hukumance su ci gaba da zuwa coci, ku sani tun 2012 bishop-bishop na Jamus suka yanke cewa wanda ya fice ba ya karɓar sakramenti, irin su Jibin Ubangiji, sai in yana bakin mutuwa, ba ya zama uban baftisma, ana ma iya hana shi jana'izar coci.

Mai shirin aure ya nemi sabuwar takardar baftisma daga cocin da aka yi masa, wadda ba ta wuce wata 6 da bayarwa ba. Tsohon katin da mama ta adana ba zai wadatar ba. Tawa ta ɗauki wata huɗu kafin ta iso.