Yadda za ka zaɓi allon tuƙa moto da ba zai ƙone maka ba

Warin ne ya fara sanar da ni. Ina cikin haɗa na'urar juya ƙwai ta injin ƙyanƙyasa a ɗakina da ke Agege, na jona moton waifar mota da na sayo a kasuwar Ladipo a kan jan allon nan L298N, wato ɗan allon lantarki da ke shiga tsakanin batir da moto yana sarrafa gudunsa da ɓangaren da zai juya. Tiren ƙwan ya maƙale, moton ya tsaya yana gurnani, ina taɓa baƙin ƙarfen da ke sanyaya allon na janye yatsa da sauri. Kafin na cire batir allon ya riga ya tafi. Laifina ne: na ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Da farko, ka san iyakar allon da ke hannunka. Allon L293D amfiya 0.6 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) yake ɗauka a kowane layi. TB6612FNG yana ɗaukar 1.2, yana jure 3.2 na ɗan ƙiftawa. L298N an rubuta masa amfiya 2, amma wannan lambar tana yaudarar mutane. Tsohuwar fasaha ce, yana cinye kusan bolt 2 tun kaya bai yi nauyi ba, kuma idan ka kusanci amfiya 2 abin da yake ci zai iya haura bolt 4. Lissafa: amfiya 2 sau bolt 4, wat 8 ke nan na zafi zalla a kan ɗan ƙarfen da bai kai akwatin ashana ba, ga kuma zafin Legas. Shi ya sa za ka ba shi bolt 12 ka ga moton yana jan ƙafa.

Mataki na biyu shi ne wanda yawancinmu muke tsallakewa. Kada ka yi aiki da wutar da moto yake ja lokacin da yake juyawa ba kaya. Abin da za ka nema shi ne wadda yake ja idan an danne shi ya kasa motsi, domin kusan ita yake ja duk lokacin da zai tashi. Ɗauko mitar auna lantarki, juya ta zuwa ma'aunin om, haɗa bakunan wayoyinta biyu ka rubuta abin da ta nuna. Sai ka auna wayoyin moton, ka debe lambar farko. Ka ɗan motsa moton ka sake aunawa sau uku ko huɗu, ka riƙe mafi ƙanƙanta. Raba bolt ɗin batir da ita. Idan ka samu om 1 a kan bolt 12, moton zai iya jan amfiya 12. Allon amfiya 2 ina zai kai wannan?

Na uku, zaɓi allon da zai jure wannan lambar har da rara. Ƙananan moto masu launin ɗorawa na mutum-mutumin yara, TB6612FNG ya wadatar, ya kuma fi L298N rashin ɓarnar wuta. Matsakaicin moto, DRV8871 yana kai amfiya 3.6. Moton waifa ko na motar wasan yara kuwa, nemi BTS7960, wanda ake sayar da allonsa da sunan IBT-2. Za ka ga an buga masa amfiya 43. Wannan iyakar da yake katse kansa ce, ba wutar da zai yini yana ɗauka ba. Ni dai ba na wuce masa amfiya 15, kuma da fanka. Moto ɗaya yake tuƙawa, mai moto biyu sai ya sayi biyu. Mai hali ya duba MD10C na Cytron, amfiya 13 ba tsayawa. A Alaba ko Computer Village da ke Ikeja, ka karanta lambar da ke jikin baƙin guntun da idonka, kada ka tsaya ga ta kwali.

Wajen jonawa, sa waya mai kauri daga batir zuwa allo, waɗancan sirara masu launi na sigina ne kawai. Sa fis kusa da batir. Haɗa ƙasan Arduino, ƙaramar kwamfutar da ke ba allon umarni, da na allon, wato inda aka rubuta GND. IBT-2 yana son bolt 5 na kansa, sannan ka ba filolinsa na R_EN da L_EN wuta, ka tura sigina ta filin RPWM ko LPWM gwargwadon ɓangaren da kake so ya juya. A manhajarka ka ɗaga gudu sannu a hankali, kuma kada ka juya baya sai moton ya tsaya.

Wani abu game da moton waifa: da yawansu waya ɗaya a haɗe take da jikin ƙarfen. Auna da mita. Idan haka ne, raba jikin da duk wani ƙarfe da ke taɓa ƙasan batir (ɓangaren negatib), in ba haka ba ranar da ka juya shi baya sabon allon ma zai bi tsohon. Nawa a kan katako na ɗaure shi.