Yadda asusun hej zai kare dukiyarsa daga babban dillalinsa

Sabon manajan asusun hej, wato asusun da ke tara kuɗin manyan masu zuba jari yana juya su a kasuwa, sau da yawa haɗe da rance, yakan zauna da babban dillali hankalinsa na kan abu ɗaya, wato kuɗin ruwan rance. Sai ya kwashe mako biyu yana ciniki a kan ragin da bai taka kara ya karya ba, sannan ya rattaba hannu a sauran shafukan bai karanta ba. Babban dillalin nan kuwa banki ne da ke ba ka rance, yana ara maka hannayen jarin da za ka sayar ba ka mallake su ba, yana kuma ajiye maka kadararka. Wanda yake bin ka bashi, a ɗakinsa kayanka suke. Daga nan duk haɗarin ya samo asali.

Abu na farko, ka gano da wane kamfani kake ƙulla yarjejeniyar. Sunan banki ɗaya ne a saman takarda, amma rassansa da yawa, kowane da dokar ƙasarsa. Ka sa lauyanka ya fitar maka da cikakken sunan reshen da ke riƙe da kadara, da wanda ke ba da rance, da kuma duk sakin layin da ya ba su izinin mayar da kayanka daga wannan reshe zuwa wancan. Asusu da yawa sun yi hulɗa da reshen bankin Amurka Lehman Brothers da ke Landan ne saboda a can ana ba da rance fiye da abin da dokar Amurka ta yarda. Da bankin ya durƙushe ranar 15 ga Satumba 2008, aka naɗa kamfanin akantoci na PwC ya kula da rabon kadarar reshen, kayan jama'a suka maƙale. Mutum yana kallon farashi na faɗuwa amma ba shi da ikon sayarwa.

Na biyu, kuma a nan ne akasari ake faɗuwa: jinginar da jingina. Hannayen jarin da ka ba dillali jingina, shi ma yakan ɗauka ya jinginar a wani wuri ko ya ara wa wani, da haka yake samo kuɗin da yake ranta maka da sauƙi. Ba zamba ba ce, kai ka sa hannu. Matsalar ita ce duk abin da aka sake jinginarwa ya fita daga sunanka, abin da ya rage maka alkawari ne kawai cewa za a mayar maka da kwatankwacinsa. Idan bankin ya karye, sai ka shiga layin masu bin bashi marasa jingina.

A Amurka, dokar SEC, hukumar kula da kasuwar hannayen jari, mai lamba 15c3-3 ta kayyade abin a kashi 140 cikin 100 na bashin da ake bin ka. A ce kana da hannayen jari na dala miliyan 100, ana bin ka miliyan 30. Dillali zai iya taɓa na miliyan 42 kaɗai, sauran na miliyan 58 dole ya ware su gefe. A Birtaniya babu irin wannan iyaka a doka, abin da yarjejeniya ta ce shi ke nan. Idan ba ka rubuta iyaka ba, duka miliyan 100 ɗin na iya tafiya a kan bashin miliyan 30. Masu bin reshen Lehman na Landan bashi sun karɓi kuɗinsu cif daga baya, amma sai a 2014, lokacin da wasu asusun sun daɗe da rufewa.

Saboda haka ka nemi a rubuta kashi 140 ɗin ko da a Landan kake. Ka kuma lura da yadda aka fassara kalmar bashi a takardar, domin wasu kan cusa duk abin da kowane reshe ke bin ka a ciki, lissafin ya kumbura, iyakar ta zama suna kawai. Ka nemi rahoton kullum da ke nuna hannayen jarin da aka ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, kuma ka sa mutum guda ya riƙa buɗe shi kowace safiya. Dillali zai ce ruwan rancenka zai ɗan hau. Gaskiya ne, ka biya. Hana shi taɓa komai gaba ɗaya kuwa ɓarnar kuɗi ce, a ganina, sai dai ga asusun da ba ya cin bashi.

Rarar kuɗi da hannayen jarin da ka biya kuɗinsu cif kada su kwana a wurinsa. Ka buɗe asusu a bankin ajiya na daban, ka riƙa kwashe rarar duk yamma zuwa takardun lamunin gwamnati masu gajeren zango.

Na uku, jinginar da ake nema daga gare ka. A yarjejeniyar da suka saba miƙawa, dillali na da ikon ƙara ta duk sa'ad da ya ga dama, ya ba ka wuni ɗaya ko ƙasa da haka. Ba ya yin hakan sai ranar da kasuwa ta rikice, wato ranar da sayar da kaya ya fi ciwo. Ka nemi alkawarin kulle sharuɗɗa na kwana 30, 60 ko 90, ta yadda ba zai sauya lissafin jingina ko ya janye rance ba sai da sanarwa. Kwana 90 ya kamata ka nufa idan kayanka ba masu saurin sayuwa ba ne. Sai ka karanta abubuwan da ke soke kullen, musamman sharaɗin faɗuwar darajar asusu, misali kashi 10 a wata guda ko 30 a shekara. Ka dage a ce asarar ciniki kawai za a lissafa, banda kuɗin da masu zuba jari suka cire, in ba haka ba mutum ɗaya mai babban kaso zai iya jefa ka cikin saɓa alkawari. Irin wannan sharaɗi yana cikin takardar ISDA ma, wato yarjejeniyar gama-gari da ake sa wa hannu kafin cinikin musaya da makamantansa, ka tabbata lambobin sun zo ɗaya.

Na huɗu, dillali biyu aƙalla, kuma na biyun ya kasance ana ciniki da shi tun yanzu, domin buɗe sabon asusu na cin makonni. Da tsada, tun da ribar da ke wancan banki ba ta rage maka jinginar da ake nema a wannan, kuma ƙaramin asusu idan ya raba cinikinsa babu wanda zai kula shi sosai. Kada dai ka yi amfani da rabon wajen ɓoye girman abin da ka riƙe. Haka kamfanin zuba jari na Archegos, mallakar Bill Hwang, ya yi, ya tara 'yan hannayen jari ƙalilan ta yarjejeniyar musaya, inda banki ke riƙe hannun jarin amma riba da asara na abokin ciniki ne, a bankuna da dama, kowane bai san nauyin da ke wuyan ɗan uwansa ba. Da farashin hannun jarin ViacomCBS, ɗaya daga cikin waɗanda Archegos ya tara, ya faɗi a Maris 2021, bankin Credit Suisse ya yi asarar kusan dala biliyan 5.5, Nomura kusan biliyan 2.9. Kafin shekarar ta ƙare Credit Suisse ya sanar da barin akasarin sana'ar babban dillali, abokan cinikinsa da ba su ci ba su sha ba suka bazama neman sabon gida. Tun daga nan bankuna ke tambayar abin da kake riƙe da shi a wasu wurare, ka shirya amsa.

Sauran aikin na kullum ne. Ka riƙa duba farashin inshorar bashin dillalinka, wanda ke hawa idan kasuwa ta fara tsoron zai karye, ka rubuta tun yau matakin da idan ya kai za ka fara kwashe kaya. Hannayen jarin da ka aro ka sayar, mai su na iya cewa a dawo da su kowace rana, don haka ka san wane banki ne zai ara maka madadinsu. Sau ɗaya a shekara ka gwada mayar da wani ɗan kaso daga wannan dillali zuwa wancan, ka ƙirga kwanakin da ya ɗauka.