Yadda ake sa kyakkyawan zato ya yi aiki

Aikina shi ne koyar da manya waɗanda suka taɓa faɗuwa jarrabawa suke shirin sake zama, don haka akwai tambayar da ba ta wuce ni: "Malam, da gaske ne in mutum ya sa a ransa zai ci, zai ci?" Amsata ita ce, abin da ka yarda da shi yana sauya sakamako, amma hanyarsa ɗaya ce, wato abin da zai sa ka tashi ka yi gobe da safe. Wanda ya yarda zai iya yakan fara da wuri, ya jure wa tambaya mai wuya, ya dawo bayan ya faɗi. Waɗannan ne ke motsa sakamako. Zaton alherin da bai ƙara maka ko minti ɗaya na aiki ba, daɗin rai kawai ya ba ka, wani lokacin ma baya yake mai da kai.

Ka fara da raba tsammani da mafarkin ido biyu. Tsammani shi ne ka dubi abin da ka taɓa yi, ka ce lalle wannan ma zan iya. Mafarki kuwa shi ne ka kishingiɗa kana kallon kanka ka riga ka isa, ana yi maka murna. Gabriele Oettingen, masaniyar halayyar ɗan Adam da ke koyarwa a jami'o'in New York da Hamburg, ta shafe shekaru tana auna bambancin nan. A binciken da ta wallafa a 1991 kan mata masu neman rage ƙiba, waɗanda suke da tsammanin nasara sun fi ragewa. Amma waɗanda suka fi shagala da hoton kansu sun rame ba wahala, abin da suka rage ya gaza na sauran da kusan kilo 11. Daga baya ta ga irin haka ga ɗaliban da ke gab da gama jami'a: masu yawan mafarkin aiki mai tsoka su ne suka fi ƙarancin tura takardar neman aiki, kuma bayan shekara biyu albashinsu ya fi ƙasa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zuciya ta riga ta ɗanɗani ladan, sai jiki ya saki.

Ba cewa nake ka daina hasko abu a zuciya ba. Sauya abin da kake haskowa. A 1999 Lien Pham da Shelley Taylor na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun sa wasu ɗalibai su riƙa ɗaukar 'yan mintuna kullum suna kallon kansu sun sami maki mai yawa, wasu kuma su kalli kansu suna karatun: inda za su zauna, lokacin da za su buɗe littafi, yadda za su kau da abin da ke ɗauke musu hankali. Rukuni na biyu ne ya fi yin karatu, shi ne kuma ya fi cin jarrabawar. Saboda haka in ka rufe ido da dare, kalli hannunka yana aikin.

Sannan ka ɗauko takarda. Wannan ne matakin da na fi ɓata lokaci a kansa da ɗalibaina, domin nan abin yake. Layi huɗu za ka rubuta, bisa tsarin da Oettingen ta fitar: abin da kake so, alherin da zai biyo baya in ka samu, abin da ke cikinka da ke tare maka hanya, sai kuma abin da za ka yi in ya taso. Layi biyun farko kowa na rubuta su da murmushi. A na uku ake tsayawa.

Wata ɗalibata, uwar yara ce mai aikin yini, tana son cin lissafi don ta shiga makarantar koyon aikin jinya. A layi na uku ta rubuta "ba ni da lokaci". Na mayar mata da takardar na ce, "Malama, wannan gaskiya ne, amma ba abin da za mu iya kamawa a ciki. Daren jiya, bayan yara sun kwanta, me ya faru?" Ta yi shiru tana juya biro. Can ta ce, "Malam, zama nake yi in ɗan huta, sai in ɗauki waya. Kafin in ɗaga kai sha ɗaya ta wuce." Ta soke layin ta sake rubutawa. A layi na huɗu kuma ta sa: "Idan na ja ƙofar ɗakin yara, zan sa waya a caji a wani ɗaki, in buɗe littafi a shafin da na naɗe." Dubi yadda jimlar take. Babu "zan ƙara ƙoƙari" a ciki. Akwai lokaci, akwai wuri, akwai motsin hannu. Shafin da ta naɗe tun da safe ma yana da aikinsa, don kada ta zauna da gajiya tana shawarar daga ina za ta fara.

Irin wannan shiri na "idan kaza ya faru, zan yi kaza" masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ne ya yi fice wajen nazarinsa. A 2006 shi da Paschal Sheeran sun tattara gwaje-gwaje 94, suka ga yana ƙara yiwuwar mutum ya cika abin da ya ƙudurta ƙwarai da gaske. Ka yanke shawarar tun kana da ƙarfi, don in lokacin rauni ya zo ba sai ka sake yin gardama da kanka ba. Shiri ɗaya ko biyu sun isa. Wanda ya rubuta goma, ba zai tuna ko ɗaya ba.

To, ina ake samo yarda da kai in babu ita? Mutane da yawa a gaban madubi suke nema, suna maimaita wa kansu kalmomi masu daɗi. Ban hana wanda yake jin amfanin hakan ba, amma ka san wannan: a 2009 Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada ta sa mutane su riƙa nanata cewa su abin ƙauna ne, sai waɗanda dama suke raina kansu suka ƙara jin ƙunci. Zuciya ba ta karɓar maganar da ta san ba ta da shaida, musu take yi da ita.

Shaida ake tara mata. Albert Bandura na Jami'ar Stanford, wanda ya bayyana wannan fahimta a 1977, ya nuna cewa babban abin da ke gina yarda da kai shi ne mutum ya yi abu da hannunsa ya ga ya yiwu. Ganin wani irinka ya yi yana taimakawa, ƙarfafa gwiwa da baki ma haka, amma ba su kai wancan ba. Ya yi aiki da masu matsanancin tsoron maciji. Bai tsaya lallashinsu ba. Su fara kallon wani yana riƙe da macijin daga nesa, su matso, su taɓa kejin, su taɓa shi da safar hannu, a hankali har su riƙe shi da kansu. Kai ma haka za ka yi. Yanko aikin ƙarami har ya zama da wuya ka kasa: tambaya uku, shafi ɗaya, kiran waya ɗaya zuwa wurin da kake neman aiki. In ka gama, rubuta shi a littafi da kwanan wata. Ranar da zuciya ta ce maka ba ka taɓa iya komai ba, buɗe littafin ka karanta mata.

Za ka faɗi a wani wuri, wannan ba makawa. Abin lura shi ne maganar da za ka gaya wa kanka a daren. Martin Seligman, masanin halayyar ɗan Adam, ya lura cewa masu saurin karaya sukan fassara faɗuwa ta fuska uku: abin na har abada ne, ya shafi komai, kuma daga halittata ne. Kullum ina jin ta a aji: "Ni dai ba ni da kan lissafi." Nakan ce a kawo takardar jarrabawar mu duba tare. Sau da yawa sai ka tarar makin ya zube ne a wuri biyu, misali lissafin kashi cikin ɗari da karanta jadawali. "Ban iya kashi cikin ɗari ba tukuna" magana ce ta gaskiya fiye da ta farko, kuma tana gaya maka abin da za ka buɗe gobe.

Kada dai a zuzuta abin. A 2019 David Yeager da Carol Dweck da abokan aikinsu sun wallafa gwajin da suka yi kan ɗalibai sama da 12,000 a makarantu 65 na Amurka, inda aka koya musu cikin ƙasa da awa ɗaya cewa ƙwaƙwalwa na ƙaruwa da aiki. Makin ɗalibai masu rauni ya ɗaga da kusan 0.1 a ma'aunin da ƙarshensa wajen 4 ne. Ƙari ne na gaske, kuma ƙarami ne. Ya fi kama ƙasa a makarantun da abokan ɗalibi ba sa yi wa mai ƙoƙari dariya, don haka ka duba da wa kake zama. Kyakkyawan zato ba ya ƙirƙiro gurbin aikin da babu shi, ba ya biyan kuɗin makaranta. Mai nema yana tare da samu, amma wanda ya nema bai samu ba, ba lalle ne zuciyarsa ce ta gaza ba.

Wasu sukan ce mini ai komai ƙaddara ne, shiri na mene ne? Nakan tuna musu hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Inda na fi so a yi hattara shi ne rashin lafiya, domin nan ne wannan magana take iya kashe mutum. A 2011 masu bincike a Jami'ar Harvard, cikinsu har da Ted Kaptchuk, sun gwada masu ciwon asma. Da aka ba su abin shaƙa mai maganin gaske, sun ce sun ji sauƙi da kashi 50 cikin ɗari. Da aka ba su na bogi, wanda ba magani a cikinsa, sun ce kashi 45. Kusan ɗaya ke nan. Amma da aka auna iskar da huhunsu ke fitarwa, maganin gaske ya ƙara ta da kashi 20, na bogi kuwa kashi 7 kacal, daidai da ranar da ba a ba su komai ba. Mutum yana jin ya warke alhali hanyar numfashinsa na nan a tsuke. Haka kuma a 2007 James Coyne na Jami'ar Pennsylvania ya bibiyi mutum 1,093 masu ciwon daji na kai da wuya, bai ga alaƙa tsakanin walwalar zuciyarsu da tsawon rayuwarsu ba.

Gaskiya ne wani babban bincike na Jami'ar Boston a 2019 ya ga masu kyakkyawan fata sun fi tsawon rai da kashi 11 zuwa 15 cikin ɗari. Amma tafiya tare aka gani, ba a tabbatar da cewa fatan ne da kansa ya ƙara kwanakin ba, kuma wani ɓangare na bambancin yana komawa ga yadda suke kula da jikinsu. Don haka in kana jinya, ka sa ƙwarin gwiwarka inda yake da amfani: shan magani a kan lokaci, komawa asibiti ranar da aka ce, gaya wa likita gaskiyar abin da kake ji. Kada ka ajiye magani don ka ji dama-dama sai an auna ka. In kuma baƙin ciki ya danne ka makonni, barci ya lalace, abin da kake so da ya daina yi maka daɗi, wannan ciwo ne da ake magani, ka je a duba ka.

In kai ne mai zuwa dubiya, don Allah kada ka ce wa mara lafiya da ya ƙarfafa zuciyarsa da tuni ya tashi. Ka ɗora masa laifin ciwonsa ke nan a kan ciwon. In yana son ya yi kuka, bar shi ya yi. Yi masa addu'a, tambaye shi yaushe zai koma ganin likita da wanda zai raka shi, in babu kowa ka ce kai za ka zo.