Yadda Ake Gane Tsohon Ramin Haƙar Dutse a Ƙauyukan Ingila

In kana yawo a karkarar Ingila zaka riƙa cin karo da wasu ramuka a tsakiyar gona, wani ya cika da ruwa, wani bishiyoyi sun rufe shi manomi yana zagaye shi da tarakta. Da yawansu hannun mutum ne ya haƙa su. Kamar kududdufan Kano ne da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu, a da ɗaukar dutse daga nesa a keken doki tsada gare shi sosai, shi yasa kusan kowane ƙauye nasa ramin yake haƙawa a bayan gari. Ga yadda nake bi in gane su.

Da farko kar ka fita tukuna, zauna da taswira. Hukumar Ordnance Survey ta zana ƙasar dalla-dalla wajen shekarun 1880, kuma ɗakin karatu na ƙasar Scotland ya ɗora waɗannan tsofaffin taswirori a intanet kyauta, har zaka iya jera tsohuwar kusa da hoton tauraron ɗan adam na yau ka riƙa kwatantawa. Nemi inda aka rubuta Old Quarry ko Old Gravel Pit ko Old Chalk Pit, wato tsohon ramin dutse ko na tsakuwa ko na alli. In tun 1880 an kira shi tsoho to ka san ya daɗe da mutuwa. Sunayen gonaki ma suna tona asiri, irin su Stonepit Field da Marlpit, a arewa kuma Delph, duk haƙa suke nufi, ana samun su a taswirorin harajin coci na wajen 1840.

Na biyu, duba hoton LiDAR, wato awon ƙasa da hasken leza daga jirgin sama wanda hukumar muhalli ta Ingila ta saki kyauta. Shi yana cire bishiyoyi ya bar maka ƙasa tsirara, ramin da ke ɓoye cikin kurmi sai ya fito ɓaro-ɓaro.

Sai fita. Ka je da hunturu, da sassafe ko dab da magariba lokacin da rana ta yi ƙasa inuwa ta yi tsawo, ciyawa kuma gajera. Ka tsaya kan hanyar ƙafa ta jama'a fa, gonakin nan duk da masu su.

Anan ne aikin yake, in ka isa bakin ramin ka zagaya shi da ido a hankali. Ramin da aka haƙa yawanci gefe ɗaya tsaye yake kamar bango, wajen da aka sari dutsen kenan, ɗaya gefen kuma gangare ne mai sauƙi inda keken doki yake shiga yana fita da kaya, in ka bi gangaren nan sau da yawa zai kai ka ga wata tsohuwar hanya ko ƙofar gona. Sannan ka nemi tulin tarkace, domin duk mai haƙa sai ya zubar da ƙasar sama da ɓaraguzan da basu da amfani a kusa, yanzu sun zama ƴan tuddai masu ciyawa. In ka ga wani ɗan gini na dutse mai baka a jikin tudu, murhun ƙona farar ƙasa ne, shaida ce mai ƙarfi.

Wurin da nafi so mutum ya fara koyo shine Barnack Hills and Holes kusa da garin Stamford. Tun zamanin Romawa ake ɗibar dutse a wurin, da shi aka gina manyan cocin Peterborough da Ely, zuwa wajen 1500 dutsen mai kyau ya ƙare aka watse aka bar shi. Yau fili ne na tudu da rami, tudu da rami, furanni sun mamaye shi har gwamnati ta killace shi. Wallahi in ka taka wurin sau ɗaya idonka zai buɗe, duk inda ka ƙara ganin ƙasa mai irin wannan ƙullutu zaka gane ta. Grime's Graves a Norfolk kuma ya fi shi tsufa nesa ba kusa ba, ramuka sama da 400 da mutanen zamanin da can suka haƙa fiye da shekara 4,000 da suka wuce suna neman dutsen ƙyastu, da ƙahon barewa suka yi haƙar.

Daga nan ka tambayi kanka me aka ɗiba. Kalli coci da katangu da tsofaffin gidajen ƙauyen, in kalar dutsensu ɗaya da na bangon ramin to ka samu amsa. Ƴan tafkunan tsakiyar gona a Cheshire da Norfolk kuwa ƙasa mai alli aka ɗiba a cikinsu ana watsawa a gona don ta gyaru, na bakin titi kuma galibi tsakuwar gyaran hanya ce.

Amma kar ka yi saurin yanke hukunci. Akwai ramin bom na yaƙin duniya na biyu, shi zagayayye ne ba gangaren shiga, akwai wanda ƙasa ce ta rufta da kanta a yankin farar ƙasa, shi kuma babu tarkace a gefensa. Kuma don Allah kar ka sauka cikin wanda yake da ruwa ko ka tsaya ƙarƙashin bangon, ruwan ya fi yadda kake zato zurfi da sanyi, dutsen sama kuma yana iya sakowa ko yaushe. Ɗauki hoto daga baki, ka rubuta inda yake, in ka koma gida ka sake ɗora shi kan taswirar 1880 ɗin.