Yadda nake koya wa yara Turanci da kwali da wasa

Yara shida nake tarawa a tsakar gidanmu a Agege bayan la'asar.

Ki samo tsohon kwalin Indomie, ki yayyanka, kowane yaro ya zana abu ɗaya: kifi, ƙwallo, tumatir. Ki rubuta sunan abin da Turanci a baya. Kalma biyar ta isa a rana. Na taɓa ba su goma, washegari ko ɗaya ba su riƙe ba.

Sai ki ɓoye katunan, ki kira "fish". Wanda ya samo ya ɗaga, ya faɗa da ƙarfi. Launi kuwa, bakin ƙofa muke tsayawa, danfo, wato motar hayar Legas mai launin rawaya, na wucewa su yi ihun "yellow". Yaro ya yi kuskure, ki maimaita masa cikin fara'a, ban da tsawa.