Yadda Ake Tara Ƙananan Motocin Kiren Na Ƙarfe Ba Tare Da Ƙura Ta Cinye Su Ba

In kana sha'awar tara ƙananan motocin kiren ɗin nan na ƙarfe, wato kwaikwayon manyan motocin ƙugiya masu ɗaga kwantena da taransifoma, to kafin ka biya kuɗɗin ko da mota guda ka tafi wurin mai aikin almini ya haɗa maka shogilas mai makulli. Na san wani zai ce ai ba a sayen igiya kafin akuya, amma mu nan Birnin Kebbi in hunturu ya kama daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ba ta jin ƙofa ba ta jin labule, kuma abin nan duk ƙananan gargare ne da zare da 'yan matakalai, in ƙura ta shige su fitar da ita wahala ce. Ka ce mishi ya sa roba a bakin gilashin yadda zai rufe ruf.

Kuma kada ka ba shi awo da ka. Yawancin masu tara wanga kaya sikeli 1:50 suke bi, ma'ana santimita ɗaya a jikin ƙaramar daidai yake da santimita 50 a jikin babbar, motar da ke da tsawon mita 12 za ta zo maka a santimita 24. Wannan ba komai, dogon hannun da ke miƙewa ya ɗaga kaya ne matsala. Motar kiren da ake kira Liebherr LTM 11200-9.1 hannunta yana miƙewa har mita 100, to a 1:50 mita 2 kenan, ya fi ka tsawo. Saboda haka tun farko ka yanke shawara, a kwance za ka ajiye ta kamar tana tafiya bisa kwalta ko a tsaye tana aiki, in a tsaye ne hawa ɗaya na shogilas ɗin ya zama mai tsawo sosai zuwa sama. Akwai 1:87 ga mai ƙaramin ɗaki, amma duk wanda ka zaɓa ka tsaya kanshi, haɗa sikeli biyu a hawa ɗaya muni yake.

Sunan motar ma yana gaya maka girmanta. A wurin Liebherr, masu ƙera waɗannan motoci a Ehingen ta Jamus, LTM 1090-4.2 na nufin tana ɗaga tan 90 kuma aksil 4 gare ta, wato layin tayoyi 4, waccan 11200-9.1 kuwa tan 1,200 da aksil 9. Ɗan koyo ya fara da mai aksil 3 ko 4, don Allah. Babbar tana da kyau a hoto amma kuɗɗinta sun fi na ragon layya, ga tarkacen da za ka kwana kana haɗawa.

Masu yin ƙananan masu inganci su ne NZG da Conrad a Jamus, sai WSI da IMC a Holan, suna yin kwaikwayon motocin Liebherr da Grove da Tadano da Demag, su biyun na ƙarshe ma gida ɗaya suke tun 2019 da Tadano ta Japan ta saye Demag. Siku kayan wasan yara ne amma masu ƙwari, ba laifi don gwaji. Akwai kuma na XCMG da Sany da Zoomlion daga Chana, sun fi sauƙi kuma irinsu muke yawan gani a wurin aikin titi da gada, ni dai ina ganin tara motar da ka taɓa tsayawa ka kalla tana aiki ya fi daɗi.

Wurin saye kuma sai haƙuri don ba shagon wanga kaya a Kebbi ko Gusau da za ka shiga ka zaɓa, ko dai ka yi oda ta eBay da AliExpress ka lissafa kuɗin jirgi da na kwastan a kai, ko ka riƙa leƙa masu gwanjon kayan wasa in ka shiga Kano. In na hannu ne ka ce a turo maka bidiyo ana miƙa hannun ana naɗe shi, ka ƙirga madubai da ƙugiya da ƙarafen nauyi na baya da ɗan makullin da ake juya winci mai naɗe zare da shi, don shi ne ke fara ɓata. Ka duba jikin ƙarfen da kyau. Ana zuba su ne da tutiya da aka gauraya da ɗan almini, in gaurayen ba shi da tsabta yakan kumbura ya tsattsage bayan shekaru har ya marmashe, kuma ba shi da magani, in ka ga fenti ya yi ƙuraje ko tsaga kamar ƙasar fadama ta bushe ka bar musu kayansu. Wanda zai sa maka a mota daga Legas ko Kano ka roƙe shi ya saka kwalin cikin wani kwalin, yaran tasha ba su san ba buhun albasa ba ne.

Ranar haɗawa ka kashe fanka, ka shimfiɗa farin ƙyalle cikin babban faranti don 'yan fil ɗin nan in ɗaya ya faɗi ƙasa ya tafi kenan. Fara fiddo ƙafafun nan huɗu na gefe ka murɗa su har su dafe, sannan ka ɗora ƙarafen nauyi, sai daga baya ka ɗaga hannu, in ka fara da hannu motar za ta kife ta gaba. Sassan hannun ɗaya bayan ɗaya ake ja, a hankali, in ya cije kada ka yi mishi ƙarfi.

Zura zare a gargaren ƙugiya shi ne inda ake gane mai haƙuri. Ɗiga ɗan sufagulu kaɗan a bakin zaren ka bari ya bushe ya yi tauri, sai ka riƙe da hantsaki ka bi gargaren sama, ka sauko na ƙasa, ka koma sama, layi bayan layi ba tare da sun haɗe ba, takardar cikin kwali tana nuna tsarin. Da ka gama ka rataya wani ɗan abu mai nauyi a ƙugiyar, ko goron kusa ne, don in zaren ya yi sako-sako tsalle yake yi ya fita daga gargare ka koma farko. Kuma sufagulun nan kada ya matso kusa da gilashin gidan direba, tururinsa kawai yana sa shi ya yi fari.

Shara da buroshin hoda na mata ake yi, sabo mai laushi, ba ruwa ba fetur ba kananzir. Shogilas ɗin ya nisanci taga, ranar Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 tana kashe fenti tana busar da tayoyin roba, shi ya sa gara motar ta tsaya bisa ƙafafunta tayoyin su ɗan bar ƙasa kada su lotsa. Da damina ka jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi a kowane hawa. Ɗiyan gida kuwa ka saya musu tasu ta roba su ja a tsakar gida, makulli ya zauna aljihunka.

Kwalin da soson cikinsa kada uwargida ta ba almajiri ko a hura wuta da shi, mota mai kwalinta ta fi daraja nesa ba kusa ba in za ka sayar ko ka yi musaya. Ka sa shi a babbar leda ka ɗaure ka ɗora bisa wadirof, don in ya kwana biyu a ƙasa gara za ta riga ka.