Ga masu shirin taka Hanyar Likiya a Turkiyya

Assalamu alaikum ƴan uwa na Damagaram. Na ga ƙannenmu ɗalibai na shirin taka Hanyar Likiya lokacin hutu. Hanya ce ta ƙafa mai sama da kilomita 500, daga wajen Fatiye zuwa kusa da Antaliya, tana bin gaɓar teku tana hawa duwatsu, an yi mata alama da fenti ja da fari.

Don Allah kada ku ce mun saba da ranar Zinder. Zafinmu busasshe ne. Can a bakin teku gumi ba ya bushewa, sai ka ji riga ta manne maka a baya, ƙarfi na zubewa tun hantsi. Ku tafi a Afrilu ko Oktoba, ku guji Yuli da Agusta.

Maganar takalmi ita ce babba. Sabon takalmi kan yi wa diddige ƙuna tun ranar farko. Wanda ke gida yanzu ya sa shi ya riƙa hawa duwatsun Birni da jaka a baya, musamman gangara, domin gangara ce ke cinye gwiwa. A yanke farce, a riƙe safa ta canji.

Ruwa kuwa, akwai wuraren da za ku yi sa'o'i ba famfo, ku cika goruna a kowane ƙauye. Dabino da gyaɗa sun isa guzuri. In kun haɗu da karnukan makiyaya, ku tsaya cak, kada ku gudu.